Tef-tef ɗin da Prince ya kulle ya mutu ya bari, a buɗe ko a ƙyale?

Abba Mai Jita:
Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai maganar da ta tsaya min a rai kan Prince, mawaƙin nan na Amurka, ina so masu sani su sa baki. Mutumin nan ya rasu ranar 21 ga Afrilu 2016 a gidansa Paisley Park da ke Chanhassen a jihar Minnesota, yana da shekara 57, ba mata ba ɗa a raye kuma bai bar wasiyya ba. To a ƙarƙashin ginin akwai wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe irin ta banki, shi suke kira Vault, nan ya yi ta tara tef-tef ɗin waƙoƙin da ya ɗauka bai fitar ba, da demo wato ɗaukar farko ta waƙa kafin a gyara ta, da na gwaji shi da yaransa, da na wasannin da ya yi gari-gari, shekara da shekaru. Shi kaɗai ya san lambobin ƙofar, da ya mutu sai da aka kawo masu inji suka huda ta. Tun daga nan ake ta ɗebo kaya ana sayarwa. A 2018 aka fitar da wani kaset da ya ɗauka a gida tun 1983 daga shi sai fiyano, a 2019 aka fitar da Originals wato demo ɗin waƙoƙin da ya rubuta ya ba wasu mawaƙa, a 2020 aka sake fitar da tsohon albam ɗinsa Sign o' the Times da ƙarin abubuwa 63 da ba a taɓa fitarwa ba, 2021 kuma albam guda sukutum Welcome 2 America wanda ya ɗauka tun 2010 ya ajiye abinsa. Ni masoyinsa ne na haƙiƙa, duk na saurara kuma wallahi na ji daɗi, amma hankalina bai kwanta ba. Mutum ya kulle abu da hannunsa, bai ce a buɗe ba bai ce kar a buɗe ba, ya mutu. Daidai ne abin da ake yi?

Maman Hanif:
Wa alaikumus salam. Abba ba daidai ba ne, kai ma ka sani shi ya sa hankalinka ya ƙi kwanciya. Wancan kaset na 1983 na saurare shi, minti talatin da 'yan kai ne, tun a farko za ka ji yana ce wa injiniyansa ya rage hasken fitila, can gaba ka ji ana maganar a juya kaset, kana jin ƙafarsa tana buga ƙasa yana riƙe kiɗa, waƙarsa Purple Rain ma da duniya ta sani ya ɗan taɓa ta ne kamar minti ɗaya da rabi ya sake ta ya kama wata. Wannan mutumin ba da mu yake ba, shi da kansa yake, yana lalube. Kamar a shigo min kicin ina tsakiyar talge a ɗiba a kai wa baƙi a ce ga tuwon Maman Hanif. Kuma abin da ya fi ci min rai, wai Prince aka yi wa haka, mutumin da ya shafe shekaru yana rigima da kamfanin Warner kan wa ke da iko da waƙoƙinsa, har ya rubuta bawa a kumatunsa, har ya ajiye sunansa a 1993 ya koma amfani da wata alama da ba ta faɗuwa da baki. Sai 2014 ya karɓo asalin tef-tef ɗinsa daga hannunsu, shekara biyu kacal ya mutu, yanzu kuma wasu ne ke zaɓa masa abin da za a ji.

Sadiq Studio:
Anti kiyi hakuri amma bana tare dake anan. Akwai wata injiniya Susan Rogers da tayi aiki dashi daga 1983 zuwa 1987, itace ma ta fara tattaro tef dinsa daga situdiyo daban daban tana jerawa waje daya, asalin Vault din kenan. Ita ta bada labarin wata waka mai suna Wally, karshen 1986 bayan sun rabu da budurwarsa Susannah Melvoin, ya zauna ya dauki wakar shi kadai da ita a situdiyon gida, tace wakar ta taba ta sosai don ya fito da abinda ke ransa, suna gamawa yace a goge, duka layi 24 na tef din. Ta rokeshi ya bari zuwa safe yaki, aka goge. Toh kinga mutumin nan yasan yadda ake goge abu in baya so aji. Wanda bai goge ba ya sa a kwali ya rubuta suna ya ajiye a daki mai kofar karfe, ai adanawa yayi. Kuma shi da kansa a 1998 ya debo daga ciki ya fitar da Crystal Ball, faifai uku cike da kayan Vault

Maman Hanif:
Shi ya ɗebo, shi ya zaɓa, shi ya jera. Ai ka ba ni hujja ne Sadiq. Kuma adanawa daban, a sayar daban. Ni ma ina da wasiƙun da na adana ban ƙona ba, wannan ba ya nufin in na mutu a karanta su a rediyo. Wally ɗin ma da kake faɗa, ai ya sake ɗaukar wata bayan ya goge ta farko ya ajiye bai fitar ba har ya mutu, sai gashi a 2020 an zaro ta an sa a cikin wancan babban kundin. Waƙar da ta yi masa zafin da har ya goge 'yar uwarta fa.

Abba Mai Jita:
Sai kuma albam ɗinsa Black Album. Disamba 1987 an gama bugawa saura kamar mako guda a shiga kasuwa ya ce a janye a lalata, ya ce bai yarda da ruhin da ke cikin albam ɗin ba. Amma 'yan kwafe suka samu, ya zaga duniya ta bayan fage, har 1994 aka fitar da shi a hukumance na ɗan lokaci, lokacin ana tsakiyar rigimarsa da Warner. Ni wannan labarin ne yake rikita ni don kowannenku zai iya kafa hujja da shi

Kawu Bala:
Ku ba ni dama in sa baki 'ya'yana. Ni ban san Prince ba sai a bakinku, amma kaset na san shi, na yi sana'ar ɗaukar kaset a kasuwa tun ana yayin rediyo mai baki biyu har CD ya zo ya kashe mana kasuwa. Abin da ba ku kawo ba shi ne, shi zaren nan yana mutuwa. Ba takarda ba ne da za ka sa a adaka ka dawo bayan shekara arba'in ka same ta. Ka ajiye kaset damina ta bi ta kansa sau uku huɗu, in ka ɗaga shi a haske za ka ga wani fari-fari kamar gari ya kwanta a gefen zaren, hunhuna ke nan, ka sa a rediyo ya yi ta ja da ƙyar murya ta yi kauri kamar mai magana cikin barci, can sai ka ji ƙus, ya cinye zaren. Sai ka zaro a hankali, ka sa biro a ramin ka yi ta naɗewa, inda ya tsinke ka yanke da reza a karkace ka haɗa da ɗan siririn salatif, wurin nan ya tafi ke nan har abada, kalma biyu ko uku na mawaƙin sun tafi. Akwai wani ɗan soso ƙarami a bakin kaset da ke danne zaren a kan hed, wato ɗan ƙarfen da ke karanta sautin, shi ma gam ɗinsa kan saki ya faɗi. Don haka mai cewa a bar ƙofa a kulle don girmama mamaci, ya sani yana cewa ne a bar abin ya ruɓe. In kun yarda da hakan to shi ke nan, amma a san abin da ake zaɓa.

Sadiq Studio:
Allah ya kara girma Kawu, ka fadi abinda nake son fada. Kuma manyan tef na situdiyo masu fadin inci biyu sunfi kaset wannan ciwon, musamman na tsakiyar shekarun 1970 zuwa 1980 da wani abu. Gam din da ya rike garin maganadisun a jikin ledar yana shan danshi, sai tef din yayi danko, kana kunnawa zakaji yana kuka kiiii yana barin wani bakin datti mai ruwan kasa a kan hed, wannan dattin fa shine wakar take kankarewa a gaban idonka. Maganinsa sai an gasa shi, da gaske nake, ana sa shi a wani oven na musamman a zafi kamar digiri 50 zuwa 55 na awanni da yawa wani har ya kwana, ya huce a hankali, sannan kana da dan lokaci ka kwashe abinda ke ciki zuwa kwamfuta kafin ya koma gidan jiya. Kuma su masu kula da gadon sun fada a takardun kotu cewa sun samu alamar ruwa da hunhuna a wajen ajiyar, shi yasa a 2017 aka kwashe kayan aka kai ma'ajiyar Iron Mountain a Los Angeles, wasu yayyensa mata biyu suka nuna basu yarda ba suna cewa kayan dan uwansu a gidansa ya kamata su zauna. Ga kuma gobara, ku tuna ta ma'ajiyar kamfanin Universal a 2008 inda asalin tef din mawaka masu yawan gaske suka kone a dare daya, sai 2019 jaridar New York Times ta fito da girman barnar. Abu in kwafi daya ne a duniya toh a bakin rami yake

Maman Hanif:
Kawu na ji kuma na yarda, a ceto su, a gasa, a kwashe a kwamfuta, ba wanda ya ce a bar su su ruɓe. Amma daga cetowa zuwa bugawa a kwali mai ƙyalli a sa masa kuɗi mai tsada akwai tafiya mai nisa. A nan nake tsaye.

Malam Nura:
Assalamu alaikum. Ni ba ma'abocin kiɗa ba ne kun sani, Abba ne ya jawo ni, amma abin da na gani a labarin nan shi ne sakacin wasiyya. Hadisin Ibn Umar da ke Bukhari da Muslim ya nuna bai kamata wanda yake da abin da zai yi wasiyya a kai ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa ba. Shi ba musulmi ba ne, ɗan Shaidun Jehobah ne, amma darasin na kowa ne. Ku duba abin da rashin takarda ɗaya ya jawo. 'Yan uwa shida kotu ta tabbatar a matsayin magada, ɗaya ce shaƙiƙiyarsa, Tyka Nelson, sauran wasu uba ɗaya wasu uwa ɗaya. Shekara shida ana shari'a, lauyoyi da banki suna cin nasu, biyu daga cikin magadan suka mutu ba su ga ƙarshen abin ba, sai a 2022 aka daidaita da hukumar haraji cewa dukiyar ta kai dala miliyan 156.4. Kafin nan wani kamfani Primary Wave ya saye kason wasu daga cikin magadan, ya zama kusan rabin gadon yana hannun mutanen da ba su haɗa jini da shi ba. A wajenmu dai duk abin da yake dukiya ne haƙƙin magada ne, ba mai hana su. Amma sirrin mamaci ba ya shiga rabon gado, amana ce a wuyan wanda ya gani. Matsalar tef ɗin nan ita ce abu ɗaya ya zama dukiya kuma ya zama sirri, kuma wanda zai iya rarrabewa ya tafi bai faɗa ba.

Hadiza Minnesota:
Sannunku da hira, sai yanzu na tashi daga aiki. Ni na je Paisley Park, tun Oktoban 2016 suka mayar da shi gidan kallo, wata shida kacal da rasuwarsa. Daga waje wani farin gini ne a bakin titi, in ba a faɗa maka ba ka ce ma'ajiyar kaya ce ta wani kamfani. A bakin shiga ake sa wayarka a wata 'yar jaka a kulle a miƙo maka ka riƙe, ba hoto ba bidiyo sai inda suka yarda, suka ce haka yake yi wa baƙinsa tun yana raye. Aka shiga da mu situdiyo aka kunna mana ɗan wani abu da yake aiki a kai bai ƙarasa ba, kowa ya yi tsit, wata mata kusa da ni tana ta share hawaye. Ni kuma abin da ya zo min shi ne, an kulle mana waya don a mutunta tsarinsa, amma abin da ake kunna mana ɗin shi bai ce a kunna ba. Ban fito da amsa ba gaskiya, na dai fito jikina a sanyaye.

Maman Hanif:
Yawwa Hadiza. Ku ƙara da wannan, Netflix ta ba Ezra Edelman aikin shirya fim kan rayuwarsa, aka buɗe masa Vault ɗin, ya yi shekaru yana aiki ya haɗa fim na awa tara, masu kula da gadon suka ga akwai abubuwan da ba su yi musu daɗi ba suka ƙi, a Fabrairun 2025 aka sanar ba za a fitar ba. Ke nan sun san akwai abin da ake rufewa. Abin da zai taɓa musu kasuwa sun rufe, abin da shi ya rufe sun buɗe.

Issoufou Tawa:
Sallama gare ku 'yan uwa, ku bari in kawo tamu ta Nijar don tana da alaƙa da Prince ɗin ga. Mdou Moctar ɗan jiharmu ne ta Tawa, mai kaɗa gita da hannun hagu, a 2015 anka hitar da fim da anka yi da shi a Agadas cikin harshen Tamashek wanda anka gina bisa labarin fim ɗin Prince mai suna Purple Rain, har da babur ɗinsa mai launin shunayya. To shi wanga yaro waƙoƙinsa na farko a Sakkwato ya tahi ya ɗauke su a 2008, da irin muryar na'ura ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ba kamfanin da ya hitar da su, daga waya zuwa waya sunka yi ta yawo ta Bluetooth da katin waya har Mali, sau da yawa ba suna ba komai. A cikin wayoyin mutane wani Ba'amurke Christopher Kirkley ya ji, ya yi ta cigiya har ya same shi, yau ga shi yana wasa a Turai da Amurka. Haka makaɗan Buzayen nan Tinariwen ma, a kasat na hannu da hannu anka san su tun kahin su shiga babban situdiyo. Abin da nike son in ce, mu nan waƙa in ta hita bakin mai ita ta zama ta jama'a, ba mu saba da kulle ta ba. Amma hwa akwai bambanci, Mdou yana raye, an same shi an tambaye shi an biya shi. Prince ba wanda za shi tambaya.

Dokta Sa'a:
Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Aikina a laburare yake, don haka bari in kawo muku wani misali da nake ganin ya fi kusa da mafita, na Lou Reed, jagoran ƙungiyar mawaƙa ta Velvet Underground, wanda ya rasu a Oktoban 2013. Matarsa Laurie Anderson ba ta bar kayansa a sito ba kuma ba ta yi gwanjonsu ba, ta sa aka tattara komai aka kai laburaren jama'a na New York, sashen kiɗa da wasanni, aka sanar a 2017, aka buɗe wa mutane a 2019, sautin da aka ɗauka kaɗai ya kai wajen 3,600. Duk mai so ya je ya zauna ya saurara. To wajen tattara kayan ofishinsa ne masu aikin, Don Fleming da Jason Stern, suka ga wani ɗan ƙunshi a kan kanta a liƙe ba a taɓa buɗewa ba, da hatimin gidan waya na 11 ga Mayu 1965. Ashe yana ɗan shekara 23, lokacin yana aikin rubuta waƙoƙin haya a kamfanin Pickwick, ya ɗauki waƙoƙinsa a ƙaramin tef ya aika wa kansa ta gidan waya zuwa gidan iyayensa a Freeport, don hatimin ya zama shaida cewa shi ya riga kowa rubuta su, dabarar wanda ba shi da kuɗin lauya ke nan. Ya riƙe ƙunshin nan kusan shekara hamsin duk inda ya koma yana tare da shi, bai buɗe ba. Su ma ba su yi gaggawa ba, sun daɗe suna shawara kafin su yanka bakin. Da aka kunna sai ga waƙoƙin da daga baya suka girgiza kiɗan rok a albam ɗinsu na 1967, amma a nan da jita mara lantarki da ɗan abin busa na baki, shi da abokin kiɗansa John Cale, har suna dariya in sun yi kuskure. A 2022 aka fitar da shi da suna Words & Music, May 1965, ba a ƙara masa ganga ba, ba a gyara masa murya ba. Ni a wajena sharuɗɗan ke nan, wanda ya san mamacin kuma yake ƙaunarsa ya yanke hukunci, a faɗi gaskiyar mene ne abin, a bar shi yadda yake.

Maman Hanif:
Dokta wannan ya fi kwanta min, ko ba komai matarsa ce, ta zauna da shi ta san abin da zai ji kunyarsa. Amma ko shi ɗin, mutum ya yi shekara hamsin bai buɗe abu ba, ba ya nuna miki wani abu?

Dokta Sa'a:
Yana nunawa Anti, amma ki tuna in ya buɗe shaidar ta lalace, amfanin ƙunshin a liƙe yake. An yi shi ne don wata rana a buɗe a gaban mutane. Wannan ne bambancinsa da kaset ɗin fiyanon Prince.

Abba Mai Jita:
Maganar a bar shi yadda yake ɗin nan ita ce ta fi min muhimmanci, don abin da aka yi wa makaɗin jita Jimi Hendrix har yau yana ba ni haushi. Ya mutu a 1970 yana ɗan 27, shi ma ba wasiyya, ya bar tef masu yawa da bai ƙarasa ba. A 1975 wani furodusa Alan Douglas ya ɗauko su ya goge kiɗan mutanen da suka yi wasa da Hendrix a ɗakin, ya kawo wasu makaɗan haya da ba su kasance a wurin ba suka ɗora nasu a kai, aka sayar da sunan Hendrix. Sai 1995 mahaifinsa ya karɓo haƙƙin bayan shari'a. Wannan kam ba adanawa ba ce, ƙarya aka yi wa mamaci. Ga mawaƙi Kurt Cobain ma, 2015 aka fitar da kaset ɗinsa na ɗaka, wani wajen ba waƙa ba ce ma, gunguni ne da wasa da murya, na kasa ƙarasa ji don sai na ji kamar leƙe nake

Sadiq Studio:
Toh ya zakuce da na John Lennon na kungiyar Beatles? Kaset ne da ya dauka a gidansa na New York karshen shekarun 1970 yana fiyano, bayan rasuwarsa matarsa Yoko Ono da hannunta ta mika wa abokin kidansa Paul McCartney a 1994, sauran 'yan Beatles din uku suka dora kida akan wakoki biyu suka fitar a 1995 da 1996, ta ukun Now and Then suka ajiye saboda akwai kugin lantarki a kaset din kuma fiyano ya danne muryar ba yadda za'a raba su, George Harrison daya daga cikinsu ma bai so ta ba. Sai da mutanen mai shirya fim Peter Jackson suka kirkiro manhajar da ke iya zare murya daga cikin hayaniya, aka tsamo muryar Lennon tas, aka fitar ranar 2 ga Nuwamba 2023, ta hau lamba daya a Ingila ta kuma ci Grammy a 2025. Ba muryar bogi bace, tashi ce aka wanke. A matsayina na mai wannan aikin ranar da naji ta tsigar jikina ta tashi

Maman Hanif:
Matarsa ta bayar, abokansa suka yi, na ji. Amma Harrison da ya ce bai so ya mutu a 2001, aka jira ba ya nan aka ƙarasa har da sa jitarsa ta 1995 a ciki. Na san iyalinsa sun amince, amma ka ga yadda abin yake tafiya, kullum wanda ya ce a'a shi ne wanda ba ya nan. Kuma tsorona manhajar nan, yau wanke murya take, gobe za a ce ta ƙarasa baitin da mutum bai rubuta ba.

Sadiq Studio:
Wannan na karshen ina tare dake dari bisa dari, ranar da aka fara haka da kayan Prince ni zan fara zagi

Abba Mai Jita:
Shi ya sa mawaƙi Bruce Springsteen ya burge ni. A farkon 1982 ya ɗauki demo a ɗakin kwanansa a New Jersey da 'yar na'urar kaset mai layi huɗu, ya yi ta yawo da kaset ɗin a aljihu ko gida babu, suka shiga situdiyo da ƙungiyarsa suka gwada waƙoƙin ya ga ba su kai na kaset ɗin rai ba, sai kawai ya fitar da kaset ɗin, shi ne albam ɗinsa Nebraska. Kuma a 2025 yana raye da lafiyarsa ya buɗe rumbunsa da kansa ya fitar da albam bakwai da ya ajiye a lokaci guda. Ya hutar da magadansa

Malam Nura:
Ko bai fitar ba, da layi uku ya rubuta ya sa hannu a gaban shaidu ya wadatar. Wannan a fitar, wannan a kai laburare, wannan a goge. Kuma ina faɗa wa masu waƙa da masu rubutu da ke cikin gidan nan, har da kai Sadiq da kwamfutarka cike da muryoyin mutane da ba su fita ba, ka san na wane ne ka rubuta.

Kawu Bala:
Malam ka taɓo ni. Ina da buhu biyu na kasa-kasai a ɗakin shirgi tun da na rufe shago, a ciki akwai waɗanda na ɗauka da kaina a wajen biki da rediyo a kafaɗa, har da na marigayi Shata da wasu makaɗan garinmu da ba su taɓa shiga situdiyo ba, sun mutu, wataƙila ba inda muryarsu ta rage sai nan. Akwai kuma waɗanda ba waƙa ba ce, saƙon murya ne da mutane ke zuwa in ɗaukar musu su aika wa 'yan uwa a Makka da Kurmi, wasu ba su dawo sun karɓa ba. Yaran gida sun sha cewa a zubar.

Dokta Sa'a:
Kawu don Allah kar a zubar. A fara raba su gida biyu, na waƙa daban na saƙon mutane daban. Na saƙon in an gane masu shi ko 'ya'yansu a mayar musu, ba na intanet ba ne. Na makaɗan kuma a nemi iyalansu kafin a ɗora ko ɗaya, kuma duk abin da ka tuna, gidan wa aka yi bikin, wace shekara, wa ke riƙe da kalangu, ka sa wani yaro ya rubuta a littafi da lamba a jikin kowane kaset, don kai kaɗai ka san wannan.

Sadiq Studio:
Kawu kar ka kunna ko daya tukuna, kuma kar a shanya su a rana. A fito dasu daga buhun a jera su a tsaye a kwali a daki mai iska nesa da sifika da duk wani abu mai maganadisu, masu hunhuna a ware su gefe kar su shafa wa sauran. Ina da dek mai kyau da na gyara, ranar Asabar in Allah ya kaimu zan shigo da ita da kwamfuta mu fara da guda goma mu gani. Ka turo min kwatancen gidan ta akwati

Kawu Bala:
Allah ya yi maka albarka. Ka zo da reza da salatif, nawa sun daɗe da ƙarewa, biro kam akwai.